Kawu, Na Kare

A shekarun korona, duk kantin da ka je a Taman Melati, unguwar da nake zaune a Kuala Lumpur, sai an saita maka na'urar auna zafin jiki a goshi, ta yi ƙara sau ɗaya, ɗit. Mutane izinin shiga suke ji. Ni kuwa harafin E nake ji, domin a bugun waya irin na da, ɗigo ɗaya shi ne E. Ban san ko zan iya fahimtar da kai yadda 'yar ƙara irin wannan take hana mutum sukuni ba, amma duk sanda na ji ta sai in tsinci kaina a ɗakin Kawu a Zariya.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi. Ya yi aiki a gidan waya tun zamanin tangaraho, da ya yi ritaya kuma bai iya rabuwa da abin ba. Ya nemi lasisin rediyon 'yan sha'awa, irin wanda mutum yake hira da na wata ƙasa daga ɗakinsa, ya ja waya daga kan mangwaron tsakar gida zuwa taga. Ɗakin kullum warin narkakkiyar dalma yake yi. Da bazara, in zafi ya koro mu waje, yakan zauna a gindin mangwaron yana mini fito, gajere da dogo, ni kuma ina faɗin harafin. Da damina kuwa, hadari na haɗuwa zai miƙe ya cire wayar saboda tsawa, ya zauna yana kallon akwatin rediyon kamar mai jinya. Maƙwabta sun sha tambayar matarsa, wadda nake kira Inna, ko lafiyarsa ƙalau. Takan ce, "Ku ƙyale shi, yana hira da tsuntsayensa."

Ya taɓa gaya mini cewa a wannan harka ana gane mutum da hannunsa kamar yadda ake gane shi da murya. "Naka na matsoraci ne," in ji shi. "Kana buga kalma kana ba ta haƙuri."

Ina jin gaskiya ya faɗa.

Sanda aka rufe ƙasashe ina Kuala Lumpur ina digiri na uku. Kunnen Kawu ya riga ya yi nauyi. A salula sai in yi ta ɗaga murya yana cewa, "Na'am? Wa ke magana?" har ya gaji ya miƙa wa babbar 'yarsa, Yaya. Amma siririn kukan rediyo, in ya sa abin kunne, yana shiga. Da Yaya ta gaya masa an sa mini ranar kare kundina ta kwamfuta, sai ya kafa sharaɗi: kada kowa ya kawo masa sakamako, daga hannuna yake so ya ji. Zai riƙa zama gaban akwatinsa duk Asabar da hantsi yana saurarona.

Na kare kundin, aka ce na ci. Yaya ta sani, Inna ta sani, duk suka kame bakinsu. A lokacin kuma kusan kullum sai an ce dattijo wane ya rasu a unguwarmu ta Zariya. Da fargabar nan nake kwana nake tashi, kada a bugo mini kafin in buga masa.

Lasisi dai ina da shi, na zauna jarrabawarsa tun kafin annoba don kada wata rana in taɓa abin ba bisa ƙa'ida ba. Akwatin ne babu, sai wani dattijo ɗan ƙasar a masallacinmu, da muke ce wa Pak Cik, wato kawu a yarensu, ya ara mini ƙaramin nasa mai aiki da batir. Na gwada daga barandar benenmu, ba na jin komai sai shuuu, injin hawa bene da na'urorin sanyaya ɗaki sun cika iskar da hayaniya. Pak Cik ya ce ba inda zan jiyo Afirka sai cikin daji, a gandun da gwamnatin jiha ta keɓe can bayan Gombak. Ga shi an hana fita. Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, tsoho yana can zaune.

Da aka sassauta doka muka tafi ranar Asabar bayan la'asar, hantsin Zariya ke nan. A ƙofa na tsaya ina tambayar mai gadi ko an yarda a rataya waya a bishiya, ko sai da izini na musamman, ko kuwa... Pak Cik ya katse ni. "Boleh lah," wato ba matsala. "Kafin magariba za su rufe, kai kana nan kana tambaya."

Ya ɗaura gorar ruwa a igiya ya wurga kan reshe, muka ja wayar sama. Dajin yana warin jiƙaƙƙen ganye, birai suna leƙen jakarmu, takunkumina ya jiƙe da gumi, hadari kuma yana taruwa a kan tsauni. Na kira, na saurara. Wani ya amsa daga Japan, na sallame shi a gurguje, abin da har yau nake jin kunyarsa. Na sake kira. Can ƙarƙashin hayaniyar sai ga wani hannu mai jan dogon sauti a natse. Tun bai gama faɗin lambarsa ba na san ko wane ne.

Na tanadi doguwar gaisuwa, amma sautin yana zuwa yana dusashewa. Sai kawai na buga: KAWU NA KARE.

Na saurara. Sannan, a hankali: INNA LILLAHI. CUTAR CE?

A lokacin ne na tuna cewa Turawa ne suka tsara haruffan waya, K ɗinsu ba ta da ƙugiya. Ni na ce na kare kundi. Tsohon da ya kwana biyu ba ya jin komai sai labarin mutuwa ya ji na ce na ƙare. Nan take na buga A A, DIGIRI, DIGIRI, LAFIYA LAU, na yi ta maimaitawa. Ba amsa. Ruwa ya sauko, Pak Cik ya rufe akwatin da rigarsa. Salula ba ta da sabis a dajin, sai da muka tattara kaya muka fito babban titi sannan na samu na kira gida.

"Kai, me ka gaya wa Baba?" in ji Yaya. "Ya cire abin kunne yana salati, mun zaci faɗuwa zai yi."

"Yaya, ya ji na biyun? Don Allah ya ji?"

"Ya mayar ya saurara, sai ga shi yana dariya har da hawaye. Wai mai mutuwa ba ya tsayawa maimaita kalma don kada a ce ya yi kuskure."

Daga bayanta na jiyo muryarsa, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa: "Ki ce masa ko da ƙugiya ko babu, tunda ya gama ya dawo gida!"

Na dawo bayan an buɗe filayen jirgi. Yanzu ko kukan rediyon ba ya shiga kunnensa, Inna ta lulluɓe akwatin da zane. Jikokinsa saƙon murya suke turowa, su ɗauka an gaisa. Ban ce laifi ne ba, wataƙila iyakar abin da suka sani ke nan. Ni dai in na je sai in zauna kusa da shi, ya miƙo tafin hannunsa, in riƙa buga masa labarin gari da yatsa. Wani lokaci barci yakan ɗauke shi tun ban kai rabi ba. Ba na tabbatar ko ya daina ji, don haka sai in ci gaba.