Gawar Sale a Kan Kwali

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har haƙora, amma ya bar mini ranar da Sale ya ji labarin mutuwarsa. Ku masu ɗaukar bidiyo da waya, ku matso ku ji yadda muka yi namu a zamanin kaset.

Ni Tanimu ban yi boko ba, allon ma bulala na fi haddacewa. Umara na zo, jirgi ya koma, ni na manta ban bi shi ba. Na samu aiki a shagon kaset na wani Bakur a unguwar Sa'alaba ta Jidda, haifaffen garin, Hausarsa rabi Larabci. Shi ne mai kuɗi, shi ne darakta. Daga shi sai mai kyamara, wanda ainihin aikinsa ɗaukar biki ne. Ni ne na ƙarshe, muƙamina mai jini. Zoɓo nake dafawa da sukari har ya yi kauri, in zuba tumatirin gwangwani, in karɓo hanjin rago wajen mahauta. Ƙuda ma yakan yarda da aikina.

Finafinanmu na yanka da ihu ne, babu labarin kirki. Ba mu da izinin ɗauka, 'yan wasan kuma babu mai iƙama, wato takardar izinin zama, don haka a wani tsohon gida a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, muke yi, tagogi a rufe, zufa kamar a yi wanka. In an gama sai in jona bidiyo da bidiyo, in yi ta kwafa daga uwar kaset. Kasuwarmu lokacin Hajji ce, alhazai su saya su cusa cikin tsaraba. Dokar sana'ar guda ce: kwali ke sayar da kaset. Mai saye ba ya kallon fim a shago, hoto kawai yake gani.

Sale ɗan dako ne daga wani ƙauye a ƙasar Maradi, mutum mai sanyin hali. Ya baro matarsa Hadiza da tsohuwarsa a gida, kuma ya daɗe bai aika saƙo ba, don yana kunyar aika gaisuwa babu ko turmin atamfa. Shi muka sa gawa, saboda ya iya riƙe numfashi. Na kwantar da shi, na shafe masa wuya, na ɗora hanji. Ni da na haɗa abin ma sai da na kau da kai.

Bakur ya ga hoton ya ce, "Halas, ga kwali." Ya sa aka rubuta a ƙasa cewa ba wasa ba ne, da gaske aka ɗauka. Ba a sa sunan kowa ba, mai zaman ɓoye ba ya son suna.

Mai kyamara ya ce, "Ya Bakur, fuskarsa fa ta fito, har da tsagarsa."

"Ita ake so. Yalla, a buga."

Sale kansa dariya ya yi, wai bai taɓa yin kyau a hoto haka ba. Kafin jirgin alhazai na ƙarshe ya tashi, kaset ya ƙare.

Bayan shekara biyu, da Hajji ya zagayo, wata rana bayan la'asar Sale na shigo mana da kwalaye, sai ga wani dattijo, Alhaji Mamman, mutumin ƙauyensu. Yana ganinsa ya saki jakarsa, ya ja da baya yana salati.

"Sale? Kai ne, ko idona?"

"Ni ne mana, Kawu. Ya mutanen gida?"

Sai da muka ba dattijon ruwa kafin ya iya magana. Ashe an nuna kaset ɗin a gidan kallo ranar kasuwa, wani ya gane shi, ya kai wa tsohuwa kwalin. Ta duba tsagar ta ce ɗanta ne. Liman ya yi masa salla ba gawa, aka yi sadakar arba'in, aka raba gonarsa. Tsohuwa ba ta kai damina ba. Hadiza ta gama takaba, dangi suka ɗaura mata aure da ƙaninsa Isa, yanzu haka tana da tsohon ciki.

Ni kuwa jarumin maza, sai na duƙa ina goge bidiyon da babu ƙura a kanta.

Bakur ya ce, "La haula. Wallahi ban so haka ba." Sai kuma na ga idonsa ya yi haske. "Amma ya Sale, in muka yi na biyu, gawa ta tashi ta dawo gida..."

Sale bai ko dube shi ba. Ya ce, "Kawu, Isa na riƙe ta da kyau?"

"Yana riƙe ta."

"In na koma, auren nan ya zama me? Abin da ke cikinta fa, me za a kira shi a ƙauye?"

Sale bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"To ku zama shaida, kai da Tanimu. Na sake ta, kada alhakina ya hau ta. Kai kuma, Kawu, ka zo Makka ka koma, ba ka ga kowa ba."

Dattijon ya yi kuka, ya yi alkawari. Sale ya ƙarasa shigo da sauran kwalayen, ya jera su daidai, ya fita. Bai sake taka shagon ba, bai kuma koma gida ba. Bakur ya yi na biyun da wani ɗan dako mai kama da shi.

Har yau samari na tura wa juna guntun fim ɗin a waya, suna gardama ko da gaske ne. Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan darakta na iya cewa a tsaya, gawa ta miƙe ta wanke wuya, amma kaset in ya fita ba ya jin "tsaya". Kafin ku ɗauki fuskar talaka, ku tambaye shi wa ke jiransa a gida.