Surukina da Kadansa

Ban taɓa son mijin 'yata ba, kuma kada ne ya tabbatar mini ina da gaskiya.

Ina aikin ɗaukar kaya a wani sito a Vénissieux, nan ƙasar Faransawa, na aurar da ita, ya kwashe ta zuwa Filorida, can bakin teku a Amurka. Bayan gidansu akwai kududdufi, cikinsa akwai kadojin ƙasar masu faɗin baki. Ita ta gaya mini hukuma ta kafa allo cewa kar a ba su abinci, don wanda ya saba karɓa a hannun mutum ya daina tsoron mutum.

Shi kuwa a garinsu kaji ake jefa wa kadojin tafki, wai ba sa taɓa ɗan gari. Wannan shirmen ya tsallaka teku da shi. Wata Babbar Sallah ya kira ni ta bidiyo, ina zaune a hawa na tara na benenmu a unguwar Minguettes. Sai na gan shi a bakin ruwa yana jefa ƙasusuwan rago, jikata mai shekara uku tana riƙe da kwanon.

Na ce, "Kai, janye yarinyar nan!"

Ya yi dariya. "Baba, pas de problème, ba matsala, kadan nan ya san mu. Kawu ma take ce mishi."

Ni a bakin kogin Logone na tashi, na ga matar da ta tafi wanki aka dawo da zanenta kawai. Na ce masa sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma a wurin kada mu ne kajin. Na zage shi tas, ban yi nadama ba har yau.

Da hutun bazara 'yata ta kawo mini yarinyar. Na kai ta wani lambu a Lyon mai tafki a tsakiya, da guntun burodi a hannunta. Tana hango ruwa ta fizge daga hannuna, ta ruga, ta tsuguna a baki, ta tsoma hannu har gwiwa tana kira, "Kawu, zo ka ci!"

Na finciko ta da ƙarfi har ta fashe da kuka, Faransawa suna ta hararata. Alhali kuwa agwagi ne kawai a ruwan.

Bayan sati biyu na raka su filin jirgi, suka koma gidan nan mai kududdufi.