Baba Mala Gaji, Mai Raba Ice da Ƙarfe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Rajab 1446, daidai da sha huɗu ga Janairun 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baba Mala Gaji, mai gyaran bindiga na unguwar Kollere a Garwa. Ina bakin aikina na gadin daji a Faro ɗansa Modu Aji ya kira ni. Bai ja zance ba, cewa kawai ya yi, "Hamma Hamadiko, abokin faɗanka ya ajiye guduma." Na hau babur ban ko sallami kowa ba.

Baba, kai Babarbare ne ni Bafillace, saboda haka tun ranar da na fara taka shagonka ba mu taɓa gaisawa ta arziki ba. Kana hango ni za ka ce a ɓoye ƙwaryar nono ɓarawo ya iso, ni kuma in ce na zo duba lafiyar bawana. Amma Allah ya sani, ban taɓa zama gaban wani mai sana'a na ji tsikar jikina ta tashi kamar yadda nake ji a gabanka ba.

Bindigoginmu na aiki masu sakata ne, irin waɗanda ake ja baya a tura harsashi ɗaya, a harba, a sake ja. Yawancinsu sun girme mu. A hannunka suke komawa 'yan mata. Kakan rataye bututun bindiga da zare, ka ƙwanƙwasa shi da farce, ka kasa kunne kamar mai sayen tukunya. Kakan ce bindigar da ke kuskure a wuri ɗaya kullum mai gaskiya ce, saiti kawai za a gyara mata. Wadda ake tsoro ita ce mai faɗin wannan yau, gobe ta faɗi wancan. Kuma duk tsawon rayuwarka ba ka taɓa ɗana kunama a kan mai rai ba. Ka ce aikinka shi ne dabbar da hukuma ta ce a kashe ta mutu ba ta san abin da ya same ta ba. Mafarauta na ɓoye sun sha zuwa da dare da rana, ka ba su shayi, ka raka su ƙofa da kayansu yadda suka kawo. Matan unguwa kuwa keken ɗinkinsu da injin markaɗensu a kan teburinka suke warkewa, ladanka ƙosai.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru da daminar shekaru bakwai da suka wuce. Wani marar imani ya harbi dorina a mashigin ƙauyenmu, ya bar ta da rauni a kafaɗa. Ta haukace. Ta kifar da kwalekwale, mutum biyu ba su fito ba. Gonakinmu suna ƙetaren kogi, masara ta isa noma na biyu, ba mai iya tsallakawa. Hukuma ta ba da izini a kashe ta, ni aka ɗora wa. Daga gaɓa ba a samun ta, dole sai a kwalekwale, kuma duk ƙauyen mutum ɗaya ne ya yarda zai tuƙa ni: ƙanena Sajo, autan mahaifiyarmu Dada. Dorina in ta ɗago, ido da kunne kawai take nunawa. Tsakaninsu akwai wuri bai wuce tafin hannu ba. Ka same shi, shi ke nan. Ka kuskure, kafin ka ja sakata ka tura harsashi na biyu ta iso ƙarƙashinku. Dada ta riƙe hannuna ta ce, "Kai ka ɗauke min shi, kai za ka dawo min da shi."

Na kawo maka bindigata don ka leƙa kawai, don da rani ka gyara ta, ni kuma na yarda da ita. Muka je bayan gari, ka kafa katako, na harba uku. Ramukan suka haɗu, murfin kwalba zai rufe su. Na fara naɗe ta a tsumma, ka dafa hannuna.

"A nan za ka harbi dorinar? A busasshiyar ƙasa, rana na dukan ka?"

"A kogi mana, Baba."

"To bari mu tambaye ta abin da za ta ce a kogi."

Ka jiƙa buhu sharkaf, ka naɗe icen bindigar, ka kai ta gindin randar Ya Gumsu, matarka, ka kwantar a jiƙaƙƙen yashi. Raina ya ɓaci. Na ce mutane na can ciyawa na cinye musu abincin shekara, kai kana yi wa bindiga wankan jego. Ka ce, "Fillo, je ka sha kunu. Gaggawa ce ta sa kakanka ya bar saniya ya kama jaki."

Da gari ya waye muka koma gaban katakon. Ni ne dai, saitin ne dai, harsashin ne dai. Na farko ya tashi sama da taƙi guda. Na biyu ya karkata hagu. Na uku ko katakon bai samu ba. Na tsaya ina kallon ramukan nan, amma ba katako nake gani ba, Sajo nake gani a ruwa. Na durƙusa a gaban katakon.

Ba ka yi min dariya ba, ranar kaɗai. Ka zaro busasshen ɓawon masara daga aljihu, ka zura shi tsakanin bututun da icen da yake kwance a kai. Ya tafi kaɗan, ya cije. Ka ce ice ya sha ruwa ya kumbura, ya dafa ƙarfe. Shi kuwa bututu rawa yake yi duk sa'ad da harsashi ya ratsa shi, rawa iri ɗaya kullum in an bar shi. Da zarar wani abu ya taɓa shi, sai ya canja taku.

Abin da na gani bayan nan ban taɓa ganin irinsa ba. Ka kwance ƙarfen, ka kunna fitilar aci-balbal da rana tsaka, ka bi da shi ta kan harshen wutar har ya yi baƙi ƙirin. Ka mayar da shi cikin icen, ka danna, ka ɗaga. Duk inda ice ya taɓa ƙarfe, baƙin hayaƙi ya tona masa asiri. Ka ɗauki fasasshiyar kwalba ka kankare wurin, abin da ke zuba bai fi garin tuwo laushi ba. Ka sake shafa hayaƙi, ka sake dannawa, ka sake kankarewa. Na gaji da ƙirga. Ba ka tashi ba sai salla. Idanunka a lokacin sun riga sun fara hazo, yawanci da ɗan yatsa kake gani. Da ka gama, ka narka kakin zuma ka shayar da icen ta ciki, ka ɗaure kusoshin a hankali kana sauraron kowanne, ka sake mayar da ita gindin randa.

Da muka ɗauko ta a jiƙe, ka miƙo min ɓawon masarar ka ce in zura da kaina. Ya wuce sumul, tun daga baki har gindi, bai taɓa komai ba. Na harba uku, suka shiga kusan rami ɗaya. Ka ce, "Yanzu in ka kuskure, kai ne. Ka gaida Dada."

Ana yayyafi muka shiga kogin. Sajo yana tuƙi a hankali, ina jin numfashinsa a bayana. Ta ɗago kusa fiye da yadda muka zata, har ina ganin gashin kunnenta. Harbi ɗaya na yi. Ruwa ya rufe, ko kumfa babu. Dorina in ta mutu nutsewa take yi, ba mai sanin gaskiya sai ta taso, don haka muka koma gaɓa muka zauna tare da dukan ƙauyen muna jira. Wajen la'asar ta taso, ƙafafu sama. Ramin yana nan tsakanin ido da kunne. Dada ba ta ko dube ta ba, fuskar Sajo take shafawa. Yau Sajo yana da 'ya'ya uku, na farin sunansa Mala. Da na gaya maka, cewa ka yi an ɓata suna mai kyau a gidan Fulani, sannan ka juya baya kana neman wani abu a cikin akwati wanda na san babu shi.

Na iso Garwa ana shirin ɗaukar ka bayan la'asar. Modu Aji ya ja ni muka sauka kabarin tare, muka kwantar da kai a gefen dama. Aka fara miƙo itatuwan da za a jera a rufe ka. Ban san sa'ad da na zura hannuna ƙarƙashinsu ba, ina bi a hankali daga kafaɗarka zuwa ƙafa. Wani ice ɗaya mai ƙulli ya taɓa likkafani. Na ce a canja shi. Wani dattijo daga sama ya ce a yi sauri rana na tafiya, sai Modu Aji ya ce, "Ku ƙyale shi, aikin Baba yake yi." Aka kawo wani. Na sake bi da hannu, ya wuce har ƙarshe bai taɓa komai ba. A nan kuka ya ci ƙarfina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ya Gumsu, da Modu Aji, da 'yarsa Yagana da ƙannenta, da mutanen Kollere, da duk mai gadin dajin da ya koma gida wurin iyalinsa albarkacin hannun mutumin nan. Allah ya ba mu haƙuri. Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Mala, ka yi masa rahama, ka haskaka makwancinsa. Ya ƙare rayuwarsa yana buɗa wa ƙarfe wuri don kada a zalunci mai rai. Ya Allah, ka buɗa masa kabarinsa, kada ƙasa ta matse shi. Amin.