Ƙanƙara Na Tafe, Ka Shirya

Shekarar da aka canza kuɗi, mutane suna wuni a ƙofar banki su koma gida hannu wofi, ita ce shekarar da na yi wannan tafiya, bayan ƙaramar salla, ruwan farko ya fara sauka. A unguwarmu Magajiya, cikin Suleja, an san ni da haƙuri. Wanda ya karanta wannan ya ga ba haka ba, ya yi mini uzuri. Har yau in na tuna, abinci ba ya wuce mini da daɗi.

Muna da wani zaure a waya, na masu duban hadari. Ba mai biyanmu. Akwai tela, akwai direba, akwai manoma irina, daga Suleja zuwa Bwari, Kafanchan har Jos. Kowa ya kafa gwangwani a tsakar gidansa, in an yi ruwa ya tsoma tsinke ya faɗi inda ya tsaya. In hadari ya taso daga gabas, na gaba ya sanar da na baya. Ƙanƙarar da ke faɗowa daga sama kuwa, da abinci muke auna ta: kamar wake, kamar gyaɗa, kamar goro. Ni ban taɓa ganin saukarta ba, sai a hoto, kuma abin ya daɗe yana raina.

Malam Tanimu mai gyaran waya a bakin kasuwa shi ya kafa zauren. Yana da taswirar gajimare a wayarsa, ya yarda da ita fiye da idonsa. Shi ya tare ni ya ce, "Malam Garba, makon nan ƙanƙara sai ta sauka a Jos. Baba Gyang, ɗan zaurenmu na can, ya ce mu zo. In ba ka gan ta bana ba, ka cire ni daga zauren."

Abu ɗaya ya riƙe ni. Ina da gado goma sha biyu na irin tattasai da attaruhu a Iku, bakin rafi. Da bokiti na yi ta ba su ruwa, da azumi a bakina. Saura kaɗan a dasa, kuma noman shekarata gaba ɗaya ke nan. Na kafa musu sanduna, na tara zana a gefe na ɗaure, yadda in mugun hadari ya zo, mutum ɗaya zai iya rufe su kafin ruwa ya tsinke. Na damƙa wa Habu, ƙanin matata, mai sayar da zoɓo da lemo a kusa da wurin.

"In na kira ka, ka bar komai ka je ka ja zanan nan," na ce masa.

"An gama, Yaya. Amma tsakani da Allah, ƙanƙara za ku je kallo har Jos? Ga ta nan muna saya bulo-bulo, wuta ta ƙi zama. In kun same ta a banza ka ɗebo mini buhu biyu."

"Zan aiko maka da mota guda," na ce. Muka yi dariya. Tsakanina da Habu wasa ne kullum, tun ranar da na auri yayarsa.

Suleja zuwa Keffi

Muna idar da sallar asuba muka hau a-daidaita zuwa tasha. Motar Jos ba ta cika ba. Kwandasta ya rantse saura mutum biyu, alhali rabin waɗanda ke ciki 'yan tasha ne, an zaunar da su don a ruɗe mu. Fasinja na gaske ya zo, ɗaya ya sulale. Sai da rana ta ɗaga muka tashi, mu huɗu a kujerar mutum uku, buhun doya a ƙarƙashin ƙafata.

Mun wuce Zuba lafiya, muka ratsa Abuja, Mararraba ta riƙe mu. A nan na ga mai rake ya wuce mu da kurarsa, ya dawo ya sake wuce mu. Na ce da direba, "Ɗan'uwa, ko mu sauka mu hau kurar can?" Ya ce, "Baba, in ka sauka kuɗinka ba ya sauka." Keffi ce ta fara sanyaya mini rai, don da kaina na karanta allon garin kafin kowa ya faɗa. Ajin manya da nake zuwa da yamma bai tafi a banza ba.

Akwanga da Hawan Kibo

A Akwanga aka tsaya cin abinci. Shinkafa da wake, malmala ɗaya da ba ta ƙosar da kaza, kuɗinta ya kusa na biyu a Suleja. Mai abincin ta ce ba ta karɓar turawa ta waya, sai tsaba. Muka haɗa canjinmu ni da Malam Tanimu muka ci kwano ɗaya.

Daga nan shingen bincike ne bayan shinge. A wani aka sauke mu duka, mai shingen ya zare gwangwanin awona daga jaka ya juya shi.

"Wannan na mene ne?"

"Na auna ruwan sama ne, ranka ya daɗe."

"Ina za ku?"

"Kallon ƙanƙara."

Ya kira abokinsa ya zo ya ji. Suka yi ta dariya har da riƙe ciki, mu muna tsaye cikin rana. Na haɗiye. A Hawan Kibo mota ta yi zafi, muka fito muna bin ta a ƙafa. Amma da muka kai sama iska ta canza, sanyi ya ratsa rigata, Malam Tanimu ya nuna mini wayarsa ya ce, "Ka gani? Gobe war haka kana tsintar ta da hannu."

Gidan Baba Gyang

Ƙauyen yana bayan Bukuru, cikin duwatsu. Mun isa gab da magariba a kan babur. Baba Gyang dattijo ne, manomin dankali da kabeji, shi ke turo mana hotunan ƙanƙara duk shekara. Ba mu taɓa haɗuwa ba sai a waya, amma ya rungume ni kamar ɗan ɗakinsu. Ya share mana ɗaki, ya shimfiɗa tabarma sabuwa ya nuna mana gabas. Matarsa ta kawo gwaten acca mai zafi. Ya nuna mana rufinsa, duk ya lotsa kamar an bi shi da guduma.

"Ku kuna zuwa kallonta," ya ce, "mu muna roƙon Allah ya kai ta daji. Ni in na ga hadari ya yi fari-fari a ƙasa, ya yi shiru, gabana faɗuwa yake."

Washegari gari ya waye tas. Ko gajimare na rantsuwa babu. Muka zaga gona, muka ga yadda yake rufe irinsa da ciyawa a kan sanduna, kusan irin nawa. Azahar ta yi, rana tana dukanmu. Na dubi Malam Tanimu.

"Ina ƙanƙarar?"

"Taswirar ta ɗan matsa."

"Ta matsa ina?"

"Sai na samu sabis."

A ƙauyen nan sabis yana kan wani dutse ne, bayan gidan. Da la'asar muka hau. Wayarsa ta fara ƙara, saƙonni suna shigowa a jere. Ya danna na ɗan zaurenmu da ke Bwari. Muryarsa ta fito, bayansa kamar ana zuba tsakuwa a kan rufin kwano: "Jama'a, ƙanƙara a nan, kamar goro! Iska ta yi yamma. 'Yan Suleja ku shirya!"

Mu da muka daɗe muna bin hadari mun san abin da ke tsakanin Bwari da Iku. Lokaci ne kaɗan, amma ya ishi mutum ɗaya ya ja zana. Nan take na kira Habu. Ta shiga.

"Habu! Ƙanƙara na tafe! Ka shirya, yanzu-yanzu!"

"Da gaske, Yaya? Kai, Allah ya saka da alheri! Babba ce?"

"Babba ce! Ka bar komai ka tafi!"

"Yanzu kuwa! A wace..."

Layi ya yanke. Na sake kira, bai shiga ba. Na kira matata, wayarta a kashe, kwana da kwanaki ba wuta. Na ɗaga wayar sama, na juya gabas, na juya yamma, na hau kan wani dutsen. Shiru. Malam Tanimu ya ce, "Ai ya ji. Ka ji har godiya ya yi." Godiyar nan ita ta tsaya mini a rai, amma ban gane dalili ba. Na zauna a kan dutsen Jos, sama a bisa kaina shuɗiya tas, ina tunanin gado goma sha biyu.

Baba Gyang ya hana mu kama hanya da yamma. Ya yi gaskiya.

Komowa

Da asuba ɗan babur ya kai mu titi. Baba Gyang ya cusa mini ƙullin irin kabeji a aljihu, ya ƙi karɓar ko sisi. Hanyar ita ce dai ta shekaranjiya, shingayen su ne, har mai dariyar nan ya gane ni ya ce, "Baba, an samo?" Na kau da kai. A Keffi wayar Habu ta shiga. Na ce, "Ka rufe?" Ya ce, "Yaya, sai ka zo." Daga Keffi zuwa Suleja ban san wanda ke zaune kusa da ni ba.

Iku

Ban biya gida ba. Tun daga bakin hanya na ga ganyen mangwaro a ƙasa kamar an yi shara ba a kwashe ba. Na isa bakin rafi. Zanan suna nan inda na tara su, da ɗaurin da na yi da hannuna. Ba wanda ya taɓa igiyar. Irin kuwa kamar an sa wuƙa an yayyanka shi an kwaɓa da laka. Gado biyu ne suka tsira, waɗanda ke ƙarƙashin bishiya.

Habu yana tsugune a gefe, ga wata babbar kula ta sanyaya zoɓonsa a gabansa, an lulluɓe ta da buhuna. Matata ma ta zo, tana tsaye nesa kaɗan.

"Ina ka je?" na ce.

"Tasha."

"Tasha! Uban me ka je yi a tasha?"

"Yaya, cewa ka yi ƙanƙara na tafe, in shirya, babba ce. Na wanke kuloli uku, na ɗauki a-daidaita, na je ina tambayar motocin Jos wace ce aka ba saƙona. Kai ka ce za ka aiko da mota guda."

"Wasa nake yi!"

"To ni ina zan sani? Muryarka ba ta wasa ba ce jiya."

"Don ba wasa nake ba!"

"Ka gani!"

Na ɗaga murya yadda ban taɓa yi ba tun da na zo duniya. Na ce shekara nawa ina maganar hadari a gabansa, yana dariya. Na ce zana na nuna masa ko kula? Na ce mutum ya bar ƙasa da sama ya tafi jiran ƙanƙara a mota! Masu wucewa suka tsaya. Matata ta matso ta ce, "Malam, a garin nan in ka ce ƙanƙara, wa zai ɗaga kai sama? Kowa bulo ya sani. Ko ni da ka kira, kula zan wanke." Wannan ya ƙara tunzura ni. Na juya kan Malam Tanimu, wanda ya biyo ni a baya yana riƙe da wayarsa. Na ce, "Kai kuma da taswirarka, ka ɗauke ni daga inda za ta sauka ka kai ni inda ba ta." Ya buɗe baki zai ce ta matsa. Na ce in ya faɗi kalmar nan, rafi zan jefa wayar.

Habu bai tashi ba. Ya ce, "Tana fara dukan rufin tasha na gane. Na rugo a guje, ta fasa mini goshi, ka gani. Kafin in iso an gama." Ya ja kular gabana. "Sai na ce tunda ka je har Jos nemanta, bari in tara maka. Da hannu na tsince ta a kan gadajen. Wallahi kamar goro, Yaya. Na hana kowa taɓawa, ko zoɓo ban sa ba."

Ya yaye buhunan, ya buɗe murfin. Ruwa ne, rabin kula, ganyen tattasai yana yawo a kai. Na tsoma hannu har ƙasa ina lalube. Da sauran sanyi. Ban samu ko ƙwaya ɗaya ba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu da ƙafafunmu. Na gode wa Baba Gyang da iyalinsa. A zaurenmu yanzu ba mai cewa ƙanƙara kawai, sai ya ce ta sama, ni na kafa wannan doka, kuma ban yi ta da murmushi ba. Habu muna gaisawa. Wasa dai ban koma yi da shi ba tukuna.

Abin da ya tafi: gado goma cikin sha biyu, tattasai shida, attaruhu huɗu. Ban-ruwan azumi guda. Kuɗin mota zuwa da dawowa. Gwangwanin awona, da na manta a kan dutsen Baba Gyang. Da ƙanƙarar da na je gani, wadda ta sauka a gonata ba na nan.