Tudun Yashin da Ban Hau Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, 1978, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran yayana, Malam Ari tela, a gidansa da ke Rijiyar Lemo, bayan jinyar mako uku. Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma.

Yaya, an faɗi alherinka a zaman makoki, kuma babu wanda ya yi ƙari. Duk Fagge an san ba ka mayar da ɗinkin maraya, ko da ana gobe Sallah. An san yadda ka riƙe garejin Boniface makanike na Sabon Gari duk shekarun yaƙin basasa da ya gudu gida, kana sharewa kana shafa wa kayan aikinsa mai, har ya dawo ya tarar ko sifana ɗaya ba ta ɓata ba. Ni abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Kishi ne, kuma gara in faɗe shi da bakina.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma da Boniface kake hira. In na zo shagonka a sabuwar Fijo da labarin kwangila, sai ka ce madalla, ƙafarka ko tsayawa ba ta yi a kan keke. Shi kuwa da ya shigo da hannunsa baƙi ƙirin, sai ka ajiye almakashi ku yi ta dariya. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Shekarar da ta gabaci bara, da damina ta ɗauke, ka ce mu kwashi iyali mu je arewacin Yusufari mu taka yashi da ƙafa. Na yi maka dariya. Kowa na neman kujerar jirgin Landan, kai kana neman rairayi! Na dai bi ka, ga kuma Boniface da iyalinsa a tsohuwar Landurobarsa. A ƙauyen ƙarshe ka ce daga nan sai ƙafa. Na dubi takalmina, na dubi motata, na ce ba zan bar ta a hannun mutanen da ban sani ba. Sau biyu ka roƙe ni. Gaskiyar magana, na uku nake jira, ba ka kuwa yi ba. Ina zaune na ga kun hau tudun yashin kafaɗa da kafaɗa, kai da Boniface, 'yata Yagana tana riƙe da hannunka.

Sai da rana ta karkata kuka dawo, aljihu cike da goriba. Tun daga nan Yagana ba ta da wani labari. Wai bayan tudu na uku akwai kwari mai ruwa da dabino, kanwa ta yi fari fat a gefensa. Wai ka nuna musu sawun barewa, ka koya musu bambanta sawun buzuzu da na ƙadangare. Wai ka sa kowa ya yi shiru har suka ji motsin yashi yana gangarowa. Na saya mata rediyo, na kai ta kallon jirage, amma da an zauna sai ta koma kan kwarin Baba Ari.

Ranar uku Boniface ya zo, ya zauna a ƙarshen tabarma yana share hawaye. Har wannan sai da ya ba ni haushi, don ya fi ni kuka. Da mutane suka ragu ya matso.

"Alhaji," in ji shi, "ka san don kai aka shirya tafiyar nan?"

Ya ce wata biyar ka yi kana tambayar fataken kanwa hanya. Kwarin nan shi ne kufan ƙauyenmu da yashi ya cinye. A nan Inna ta haife ni, a nan aka binne ta, kafin Baba ya taho da mu Kano ina jariri. Ka so in gani da idona kafin ka faɗa. Ya ce ka tsaya a gindin wata goriba ka yi addu'a, kana ta waiwayen hanya ko na biyo baya. Sannan ka ja kunnensa kada ya gaya mini, don kada in ji ciwo, ka ce wata rana za mu koma ni da kai.

Yaya, ba zan yi maka ƙarya ba, kishin bai tafi ba. Ƙaruwa ma ya yi. Boniface ya tsaya kusa da kai a kan kabarin uwata, ni ina gadin mota. Kuma yau duk Kano shi kaɗai ya san hanya. Jiya na je garejinsa, na roƙe shi ya kai ni. Ya goge hannunsa ya ce in Allah Ya kai mu bayan damina.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya haskaka kabarinka, Ya sada ka da Inna a Aljanna. Allah Ya ba matarka Yaya Gumsu da 'ya'yanka haƙurin rashi. Ina kuma yi wa Boniface ta'aziyya, domin shi ma yayansa ne ya rasu.

Ƙaninka,
Abdulgani