Kalan Gyaɗa a Wayar Barira

Duk wanda ya san Barira ta unguwar Garin Malam a Damagaram ya san bakinta ba ya ajiye magana. A wani shago kusa da kasuwar Dole take aiki, tana buga wa mutane takardu a ordinata, wato kwamfuta, kuma kafin ta miƙa maka takardarka sai ta gyara maka Faransanci, ta haɗa da halinka. Shekara biyu ta yi, duk lokacin da shago ya yi sauƙi, tana haɗa wasan waya.

Wasan labari ne. Kai manomin gyaɗa ne, murya tana yi maka bayani da Hausa, kana zaɓen abin da za ka yi. Idan kaka ta zo, wani attajiri mai suna Mai Nasara zai ba ka injin da ke tsince gona tas, makinka ya hau. In ka ƙi, gyaɗar da ta maƙale a ƙasa ta zama ta mata masu kala, makinka ya ragu. Mai share gona yana shan daɗi shekara biyu. A ta uku matan sun bar ƙauyen, ba mai zuwa masa gayya, sai ya wayi gari yana ƙodago a gonar ubansa, wadda ta koma hannun Mai Nasara.

Ba a littafi ta karanto wannan ba. Mahaifiyarta Larai, tun da mijinta ya rasu a Gaffati, da kalan gonakin mutane ta yi ƙuli-ƙuli da mai, ta riƙe Barira har ta gama lakwal, wato makarantar boko.

Wata rana wani Abdulaziz ya zo daga Yamai, wakilin wani kamfanin wasanni. Ya yaba wasan ƙwarai. Ya ce za su ɗauka, su ba ta aiki da biro, wato ofis, nata na kanta, da sharaɗi guda: a cire kala.

"Madam, ba mai buga wasa don ya yi asara," in ji shi. "Mutane ci suke so."

Gaskiya Barira ta yi kwaɗayin aikin nan, don ta gaji da buga takardun neman aikin wasu. Amma zuciyarta ta ƙi kwanciya. Ta ce masa, "Mushe Abdulaziz, gobe Lahadi ce, kasuwar Mirriya. Mu je ka ga mutanen da kake faɗa."

A kasuwar ta samo kawunta Dodo yana sayar da igiya, tsoho wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ta sa masa wayar a hannu, ta nuna masa inda ake taɓawa. Ya yi shuka, ya yi noma, yana ta faɗa da muryar cikin waya kan ta sa shi shuka kafin ƙasa ta jiƙa sosai. Da kaka ta zo ya cire gyaɗarsa, injin Mai Nasara ya bayyana yana ƙyalli, sai tsoho ya ajiye yatsa.

Abdulaziz ya zaci bai gane ba. Ya matso ya ce, "Baba, ga wurin nan. Taɓa, ka kwashe saura."

Dodo ya ture hannunsa. "Na gani, ɗana, ai ba makaho ba ne ni. Wannan ba tawa ba ce."

"Gonarka ce fa, Baba."

"Gonar tawa ce. Abin da ya saura a ƙasa na masu kala ne. Kai a garinku haɗawa kuke da shi?"

Masu igiya da ke gefe suka kwashe da dariya. Wayar ta zaga hannun mutum shida, biyar suka bar kala. Na shidan da ya ɗauki inji, har aka tashi kasuwa ana kiransa Mai Nasara.

Abdulaziz mutumin kirki ne, amma sharaɗin ba nasa ba ne, kuma masu kamfani ba su sauya ba. Barira ta yi masa godiya, ta koma shagonta. Ta yi baƙin ciki na kwana biyu, ba ta ɓoye ba. Daga nan ta kai wasan wurin masu tura waƙoƙi a waya, ta ce su ba kowa kyauta, kuma yau daga tashar Mirriya har Damagaram Takaya ana buga shi.

Da ta je Gaffati ta nuna wa mahaifiyarta. Larai ta zura ido tana kallon matan cikin wasan da ke shigowa gona da ƙorai. Ta gaba cikinsu tana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, da yarinya goye a bayanta.

Larai ta dafa tata gwiwar ta hagu. "Wannan da ke baya, ke ce?"

"Ni ce, Inna."

"To, kada ki bari kowa ya kore mu daga gonar nan."