Gangar Jun za ta koma gida

Shekara biyar ke nan da mota ta kashe Jun a hanyar Al Quoz, nan Dubai. Ban yi boko mai zurfi ba, ɗaurin kaya nake yi a Murshid Bazaar, amma bana na ce sai na rubuta.

Jun ɗan Koriya ne, haihuwar Amurka. Kamfanin kargo ne ya kawo shi Dubai, mu muke ɗaure musu kaya. Wata Juma'a na shiga sito na tarar da shi zaune a ƙasa da ganga mai siririn ƙugu, sak kalangu, sai dai ta fi girma. Janggu suke ce mata. Ni ɗan makaɗin mahauta ne a Kano, gudun a kira ni maroƙi ya raba ni da gida. Amma hannu bai manta ba. Na cusa ta a hammata na matse igiyoyin, ina jiran ta canza murya. Ko gezau.

"Baba Sule, karya ta za ka yi?" in ji shi, yana dariya har da hawaye. "Wannan ba a matse ta."

Na ce, "To gangar da ba ta magana, me take yi?"

"Ruwan sama."

Ya kaɗa. Wallahi na ji ruwa a kan kwanon gidanmu.

Da guntun Turancina muke hira. Ya ce a can Amurka, 'ya'yan Koriyawa kan taru duk Asabar su koyi kiɗan kakanninsu. Yaren kakarsa bai zauna a bakinsa ba, amma in ya kaɗa sai ta tashi ta taka. Abin da na yar, shi yake tsinta. Ya nuna min ƙa'idarsu: in an gama kiɗa, a ja 'yan fatun da ke ɗaure igiya a sassauta, fatar ganga ta huta.

Ranar da ya rasu, a ɗaure ya bar ta. Fita ce ta yanzu-zan-dawo. Yayarsa da ta zo ɗaukar gawa ta kasa kallon gangar, ta ce in riƙe. Na riƙe, ban taɓa sassauta ta ba. Ɗaurin hannunsa ne.

Watan jiya ta kira ni. 'Yarta ta shiga kiɗan, lokacin korona a kan matashin kai ta koya, malami na cikin waya. Tana son gangar kawunta.

Na yi ta tunanin me Jun zai ce da yaran da ke dukan matashi. Na san shi, da guntun Larabcin da ya tsinta a nan, cewa zai yi, "Yalla, ai suna duka." Ni kuma zai ce min, "Khalas, Baba Sule, sassauta."

Jiya na sassauta. Na sa ta a kwali, na ɗaure da hannuna, ban bar kowa ya taɓa ba.

Mahaifina ya rasu ina nan Dubai, har yau ban san inda kalangunsa yake ba. Gangar Jun kuwa, akwai yarinyar da ke jiranta.